Sauke ƙiba ba shi ne aiki ba, hana ta dawowa

Da wuya mutum ya duba bidiyo goma a TikTok ko Facebook a 'yan kwanakin nan bai ci karo da mai tallar shayin rage tumbi ba. Alƙawarin kusan iri ɗaya ne: a sha safe da yamma, a ci tuwo yadda aka saba, kafin wata ya ƙare kilo goma sun zube. Sai a ɗora hoto biyu, na kafin sha da na bayan sha. Hoto na uku, wato na bayan shekara guda, babu mai nuna shi, alhali shi ne ya kamata mai saye ya nema kafin ya tura kuɗinsa.

Matsalar da masu tallar ke cin kasuwa a kanta gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu wannan larura ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. A ƙasar Hausa abin ya zo da nasa salon, domin har yanzu tumbi shaida ce ta samun wuri. Magidanci ya yi teɓa a ce ya murje, amarya ta rame a ce ba a kula da ita, har wasu 'yan mata na haɗiyar ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe” don su cika ido kafin biki. Bayan wasu shekaru kuma a same su a layin masu hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa, suna neman abin da zai kwashe ƙibar cikin dare ɗaya.

Yawancin shayin nan ba ya taɓa kitse. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da ganye dangin filasko, mai sa gudawa, ko abin da ke sa yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, sikeli ya nuna sauƙi, bayan kwana uku ruwan ya koma mazauninsa. Mafi muni shi ne waɗanda ake ɓoye sinadarin sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin ƙasashe daban-daban na ci gaba da gano shi a kayan da aka rubuta wa “na gargajiya zalla”.

To amma ko wanda ya rage ƙiba ta hanyar gaskiya yana da sauran aiki, domin jiki ba ya son a taɓa ajiyarsa. Da zarar nauyi ya sauka, yunwa na ƙaruwa, jikin kuma ya rage abin da yake ƙonawa. An ga wannan ƙarara a Amurka, inda masu bincike suka bi sawun mutum 14 da suka shiga gasar talabijin ta The Biggest Loser, suka zubar da kilo masu yawa cikin 'yan watanni. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan shekara 6 kusan dukkansu nauyinsu ya sake ƙaruwa, inda a jimlance suka mayar da mafi yawan abin da suka rage, kuma jikinsu na ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ake zato a kowace rana. Allurai na zamani irin su Wegovy, da masu hali ke rububi, sun fi shayi nesa ba kusa ba wajen aiki, sai dai su ma wani bincike na 2022 ya nuna cewa shekara guda bayan daina su, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da aka rage ya dawo.

Ma'anar wannan a fili take: duk tsarin da ke da ranar ƙarewa, ƙibar na jiran wannan ranar. Azumin watan Ramadan ma ya ishi misali. Bincike-bincike sun nuna mutane kan rage kilo ɗaya ko biyu a watan, kafin a yi 'yan makonni bayan Sallah sun dawo.

Waɗanda suka yi nasara fa, me suka yi? Tun 1994 akwai wani kundi a Amurka, National Weight Control Registry, da ke tattara bayanan mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 kuma suka riƙe hakan shekara guda ko fiye. Sun haura mutum 10,000. Babu wani sirri a labarinsu da za a iya zuba wa kwalba a sayar. Mafi yawansu na motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, kuma tafiyar ƙafa ce kan gaba. Suna karya kumallo. Suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako don su kama kilo biyu kafin su zama goma. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002 kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga ya gano cewa waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan da ɗoriya. Ba sai mutum ya koma kamar sanda ba.

A kwanon Bahaushe, wurin farawa shi ne abin sha, ba tuwo ba. WHO ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin gram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita kan cinye wannan kason gaba ɗaya. Sai a ƙara da shayin safe da aka zuba wa madarar gwangwani da suga cokali uku, da zoɓon da ya koma kamar zuma, da furar da ba a iya sha sai an yi mata tudun suga. Abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin tauna, shi ya sa mutum zai rantse cewa ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya yake faɗa. Bayan suga sai mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja na da kalori kusan 120, kuma kowa ya san yadda ake malala shi a shinkafa da wake ko a saman miya.

Tuwo kuwa ba abokin gaba ba ne, girman malmala ne da lokacin cin ta. Rage malmala biyu zuwa ɗaya, a cika gurbin da miyar kuka, kuɓewa ko taushe, da kwaɗon zogale ko rama, da wake, ya fi haramta wa kai tuwon baki ɗaya, domin wanda ya haramta wa kansa abincin gidansu ba ya wuce wata guda. Abin lura ma, gero da dawa da acca da kakanni suka rayu a kai sun fi farar shinkafa, burodi da taliyar leda riƙe ciki. A wannan tsadar rayuwa, babu buƙatar tuffa ko wani abincin kanti.

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa. Tafiyar rabin awa ba ta ƙone abin da robar lemo ɗaya ta zuba. Amfaninsa na fitowa ne a wajen riƙe abin da aka rage, da kare zuciya, ko da sikeli bai motsa ba. Minti 150 a mako shi ne minti 30 sau biyar. Wanda ke hawa babur zuwa masallacin bayan layi, ko ya tsayar da A Daidaita Sahu don tafiyar da ba ta kai minti goma ba, yana da wannan lokacin a hannunsa. Saboda zafin rana, bayan asuba ko gab da magariba ya fi dacewa.

Mata ne aka fi bari a baya. Wadda ba ta fita sai da dalili, ta haihu sau huɗu ko biyar, ba za a ce mata kawai ta je ta yi gudu ba. Zagaya tsakar gida da sauri, tsallen igiya ga mai lafiyar gwiwa, ko fita tare da maigida da sassafe duk suna aiki, amma sai maigidan ya ɗauki abin a matsayin maganar lafiyar iyalinsa, ba abin dariya ba.

Wanda ba shi da sikeli, igiya ta wadatar: a auna tsawon mutum da ita, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu daidai saman cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani, da mai juna biyu, su fara ganin likita kafin su canza cimarsu. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, asibiti ya kamata ya nufa, ba murna ba.

Hukumomi ma na da nasu kason. Harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo a Najeriya bai kai ya sa kowa ya sake tunani a gaban firij ba, ganin yadda farashin komai ya tashi tun daga lokacin. NAFDAC na da hurumin bin masu tallar shayi da ƙwayoyi marasa rajista har cikin shafukan sada zumunta, inda kasuwar ta koma. Gwamnatocin jihohi kuma da ke gina gadojin sama a Kano, Kaduna da sauran birane za su iya tunawa da gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da filayen unguwa da ake yankawa ana mayarwa shaguna.