Kabewar Kaka

Mu nan Tibati ruwa ya fara ja da baya, masara ta shigo kasuwa, gyaɗa ma ta shigo. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe.

Makon jiya na je bikin kabewa a ƙasar Jamus, ina zaune kan bencina a bakin shago, ban biya kuɗin jirgi ba, ban nemi biza ba. Ɗan ƙanina ne da ke karatu a can ya kira ni a waya ta bidiyo. Ya ce, "Baffa, gyara zama, yau zan kai ka yawon buɗe ido." Ya juya wayar, sai ga kabewa iya ganinka. Ja, rawaya, fara, kore, mai dogon wuya, mai ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Na ce kai, wannan kasuwar wane gari ce? Ya yi dariya ya ce ba kasuwa ba ce, lambun shaƙatawa ne, har kuɗi ya biya kafin ya shiga. Na ce yanzu kuɗin da ubanka ke turo maka ne ka ba wa Bature don ka kalli kayan miya?

Sunan garin Ludwigsburg, kusa da birnin Stuttgart. Akwai tsohon gidan sarauta a can mai ƙaton lambu, tun shekara ta 2000 ake yin wannan biki a ciki, daga ƙarshen watan Agusta har lokacin da sanyi ya fara shigowa. Suna tara kabewa dubu ɗaruruwa, iri ɗaruruwa, su jera ta jikin katako su fitar da siffar dabbobi da sauran abubuwa. Akwai ranar da ake rarake manyan kabewa kamar kwalekwale, mutum ya shiga ciki ya yi tuƙi a tafki, a yi tsere. Na ce ina ma masuntan Mbakau su ga wannan. Akwai kuma ranar awo, manoma su kawo mafi girman abin da suka noma a ɗora a sikeli. Irin wannan gasa ta fi ƙarfi a Amurka. A 2023 wani manomi daga jihar Minnesota ya kai kabewa ɗaya California, aka auna ta kilo 1,247. Ku da kuka san buhu, ku yi lissafi: buhun shinkafa mai kilo 50 har kusan 25 ke nan, a kabewa guda.

Ashe ma asalinta daga can nahiyar Amurka take. Masu binciken tarihi sun gano cewa an fara noma danginta a ƙasar Meziko shekara wajen 10,000 da suka wuce, kuma bayan zuwan Turawa can a 1492 ta bazu a duniya tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono. Wato ita ma baƙuwa ce kamar mu, fatauci ne ya kawo ta, ta zauna har aka manta ba 'yar gida ba ce. Yau Fulani na ce mata waygoore, mu muna cewa kabewa, kowa na rantsuwa ta kakansa ce.

Ana cikin haka yaron ya nuna mini abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce a ƙarshen bikin ana fasa manyan kabewar nan a gaban jama'a, mutane su yi layi don su samu 'ya'yan da ke ciki, su je su shuka baɗi. Sai ya ce, "Baffa, wai kabewar Kaka tana nan kuwa? Wadda take hawa katangar bayan gida?"

Na yi shiru. Na ce masa waya na yankewa.

Bari in gaya muku gaskiya, tunda ba a ɓoye wa mai magani ciwo. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, daga Garwa ta zo Tibati lokacin da mahaifinmu ya dawo da harkarsa nan. Cikin kayanta akwai ƙullin 'ya'yan kabewa a bakin zane, ta ce mahaifiyarta ce ta taho da irin daga ƙasar Kano. Kowace damina sai ta tona rami biyu ko uku kusa da juji ta zuba. Ba taki ba feshi. Kabewar ba ta da girma, amma cikinta ja wur, ga gari, in aka yi miyan taushe da ita ba ka buƙatar wani tumatir. Duk kaka sai ta zaɓi wadda ta fi ƙosawa ta ce wannan ba ta miya ba ce, ta iri ce. Ta wanke 'ya'yan, ta shanya a inuwa, ta gauraya da toka ta zuba a kwalba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Shekarar da ta biyo baya na shafe bayan gidan da siminti, na gina ɗakuna biyu na haya. Kwalbar ban ma san inda ta shiga ba. Irin da ya ƙetare Kano zuwa Garwa, ya hau dutsen Ngaundere ya sauko Tibati, a hannuna ya mutu, ni da nake cika baki da cewa na san darajar kaya.

Da daddare na faɗa wa uwargida. Ta ce, "Alhaji, sai yau ka tuna? Je ka wajen maƙwabciyar Inna ta can gangare, na san ta sha ba ta iri." Tsohuwa ce Bagbaya, sun yi shekaru suna musayar yakuwa da rogo da Inna. Washegari na je na gaishe ta, na ce, "Baba, wata buƙata ce ta kawo ni." Ko tashi ba ta yi ba, ta nuna mini rufin kicin ɗinta da sanda. Ga su nan guda biyar a kwance. Ta ce tun da ƙawarta ta ba ta, ba ta taɓa tsallake shekara ba. Na ciro kuɗi, ta harare ni ta ce ita ba saya ta yi ba. Wallahi 'yan uwa, na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba.

Da muka fasa, kamannin sun ɗan sauya, ta fi ta Inna tsawo. Dalili kuwa, kabewa tana da fure namiji da fure mace daban-daban a jikin yaɗo ɗaya, ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin wannan ya kai wa wancan. In akwai wata kabewa 'yar uwarta a kusa, sai su gauraya. Mu kuwa ƙasar Adamawa ƙasar zuma ce, wanda ya san kasuwar Ngaundal ya sani. Don haka masu lambu a kula: furen kabewa da sassafe yake buɗewa, lokacin ne ƙudan ke aiki. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a wannan lokaci ya kori ma'aikatansa da hannunsa, sai ya ga ganye shar amma ba 'ya'ya.

Tunda fatake ne mu, bari in taɓo wajen aljihu. Na taɓa yin asara a kan kabewa. Wata shekara na ga tana araha a ƙauyuka, na cika mota na nufi Yawunde ta hanyar Yoko, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Muka kwana uku a taɓo. Kafin mu isa, fiye da rabi ta zama ruwa, ƙudaje na bin motar kamar masu rakiyar amarya. Na ɗora laifin a kan hanya, amma Inna ta ce laifina ne, kuma ta fi ni gaskiya. Ga abin da ta koya mini. Kar ka sayi wadda farce ke shiga bayanta, ba ta ƙosa ba. A yanke ta da guntun karanta a jiki, don ta inda ya fizge ruɓa ke shiga, kuma kar a ɗauke ta ta wannan karan. A bar ta ta sha iska kwana goma ko makamancin haka kafin a loda, bayan ya ƙara tauri. Kar a jefa, kar a tula a ƙasa mai danshi, a shimfiɗa ciyawa ko katako. Wadda ta ƙuje a sayar da ita da wuri, kar ta shafi sauran. Mutanen Garwa da Marwa na iya ajiye ta watanni saboda bushewar iska, mu nan da laima ta fi yawa sai an riƙa dubawa ana juyawa. In ta yi yawa, mata su yanka siri-siri su shanya, da bazara in kayan miya sun yi tsada a jiƙa a sa a tukunya.

Ranar Asabar muka yi namu bikin, ba tikiti ba 'yan jarida. Na tara yaran gida da na maƙwabta a tsakar gida, na ɗauko sikelin shago. Kowa ya yi hasashen nauyin kabewar, wanda ya fi kusa ya ci sefa 500. Autata ce ta ci, har yau ba mu huta ba. Uwargida ta yi miyan taushe da gyaɗa da yakuwa da daddawa, aka sa bandar kifin Mbakau maimakon ƙashi, aka toya waina. Abin da ya ba ni tsoro, cikin yara tara, huɗu ba su taɓa cin miyan taushe ba. Taliyar leda sun san iri uku. Alhali jan cikin kabewar nan sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, mai amfani ga ido da lafiyar yaro, ga ta a bayan gida kusan kyauta. Na aika wa tsohuwar da kwano cike. 'Ya'yan kuma muka wanke muka shanya, muka raba kashi shida, gida shida, don in wani ya yi sakaci irin nawa, wani zai riƙe.

Na kira yaron na nuna masa. Ya ce a aiko masa da nasa kason. Na ce a'a, ƙasashen Turai na da doka mai tsanani kan shigar da iri da tsirrai, ba zan sa a tsare ɗan wani a filin jirgi kan 'ya'yan kabewa ba. Kasonka na nan a kwalba da toka. In kana so, ka gama karatu ka zo ka karɓa da hannunka. Ya gane abin da nake nufi.

To 'yan uwa na Duwala da Librebil da Kumasi da Abijan da sauran zango, yau in kun koma gida ku tambayi tsohuwar da ta rage muku, me ta taho da shi daga gida? Wataƙila kabewa ce, wataƙila kuɓewa ko lalle ko yadda ake haɗa wani yaji. Ku tambaya tun tana iya ba ku amsa. Ni dai na riga na sa an fasa simintin kusurwa ɗaya ta bayan gida, taku biyu a taku biyu, ina jiran ruwan farko. Mai hayan ya ce yaɗon zai hau masa taga. Na ce in ta yi 'ya'ya, ta farko tasa ce.

Sai mun haɗu a fito na gaba, in Allah Ya kai mu. A gaida iyali, a yi ciniki lafiya.