Baƙo a Gidan Namun Daji

A ƙasar Amurka, can bisa Duwatsun Roki, akwai wani babban daji da ake kira Yeloston. A shekarar 1872 hukumar ƙasar ta keɓe shi, ta hana kowa ya kafa gida ko gona a ciki, daga baya kuma aka hana farauta. Wurin tudu ne ƙwarai. Tsayinsa daga bakin teku ya kai ƙafa 8,000, watau wajen ninki biyu na tsayin garin Jos.

Hunturun can ba irin namu ba ne. Mu namu na iska ne da hazo da kaushi. Su kuwa nasu na dusar ƙanƙara ne, wadda ke zubowa daga sama fara fat kamar auduga. In da za a tara wadda ke zuba a shekara guda, da tsayinta ya kai ƙafa 12. Tun daga watan Nuwamba ake rufe yawancin hanyoyin mota na cikin gandun, ba a buɗe su sai wajen watan Afrilu. Amma duk da wannan sanyi, mutane sukan je yawo a ƙasa don su ga namun daji. Sukan sa riguna bisa riguna, su ɗauki guzuri, su ɗaura waɗansu takalma masu faɗi kamar faifai don kada ƙafa ta nutse.

To, ya ku yara, ga abin da nake so mu duba. Shin daidai ne mutum ya shiga wa dabbobi a irin wannan lokaci? A ganina daidai ne, amma da sharaɗi guda: ya san cewa shi baƙo ne, ya tsaya daga nesa.

Bari mu fara duba halin da masu gidan suke ciki. Babba a cikinsu ita ce ɓaunar Amurka, mai tozo da gashi buzu-buzu. Nauyin namijin yakan kai kilo 900. Da bazara da kaka takan ci ciyawa ta yi ƙiba, ta tara kitse. Kitsen nan shi ne rumbunta. Da hunturu ya shigo sai ƙanƙara ta binne ciyawa. Sai ɓauna ta sunkuyar da kai, ta yi ta kaɗa shi dama da hagu tana share ƙanƙarar, har ta kai ga 'yar busasshiyar ciyawa. Abin da take samu ba ya isarta, saboda haka kullum tana ɗiba daga rumbun nan na jikinta. Kun dai ga yadda shanu ke ramewa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka. Haka ita ma take, ga kuma sanyi a kai.

Shi ya sa ɓauna ba ta son motsi a banza da hunturu. Takan yi tafiya a hankali, ta bi sawun 'yan'uwanta inda ƙanƙara ta riga ta daddale. Waɗansu sukan taru kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi da Allah ya yi a dajin, inda ɗumin ƙasa ke narkar da ƙanƙara. Yanzu ku ɗauka wani mai yawo ya matso kusa don ya ɗauki hoto. Ɓauna ta firgita, ta zabura da gudu cikin ƙanƙara mai zurfi. Gudun nan ya cinye mata ƙarfin da ta yi wahala kafin ta tara. Shi mai hoto ya koma masauki yana murna, bai san ya ɗebe mata hatsi daga rumbu ba. In wannan ya kore ta yau, wancan ya kore ta gobe, rumbu zai ƙare tun ciyawa ba ta tsiro ba. Daga nan sai mutuwa, ko ta yunwa, ko ta bakin kyarkeci.

Saboda haka masu tsaron gandun suka kafa doka. Kada mutum ya kusanci ɓauna ko barewa fiye da yadi 25. Kyarkeci kuwa, da wata ƙatuwar dabba mai farata da ake kira beyar, sai a ba su yadi 100. Akwai kuma wata alama mai sauƙi da kowane yaro zai iya riƙewa. In dabba ta bar kiwo ta ɗago kai tana dubanka, to, ka matso da yawa, sai ka ja da baya.

Dokar nan tana tsare mutum kamar yadda take tsare dabba. Wanda ya ga ɓauna tsaye shiru sai ya zaci saniyar gida ce. Alhali kuwa gudunta ya ninka na mutum sau uku, kuma a gandun nan babu dabbar da ta ji wa mutane ciwo kamarta.

Wani zai ce, "Ai ni tausayinsu nake ji, taimako zan kai." To, a saurari wannan. A watan Mayu na shekarar 2016 waɗansu baƙi suka ga wani ɗan maraƙin ɓauna a bakin hanya, suka zaci sanyi zai kashe shi, suka sa shi cikin motarsu suka kai wa ma'aikata. Da aka mai da shi, garken ya ƙi karɓarsa. Ƙarshe dole aka kashe shi. Niyyarsu mai kyau ce, amma rashin sani ya fi dare duhu. Haka kuma ba a ba naman daji abinci, domin in ya saba da hannun mutum sai ya daina tsoro, ya riƙa bin mutane, har ya zama haɗari.

Wani kuma zai ce, "In haka ne, me zai hana a rufe gandun ɗungum har sanyi ya wuce?" Wannan magana tana da ƙarfi, amma ban yarda da ita ba. Hunturu shi ne lokacin da dajin ya fi koyar da mutum. Kowace dabba ta wuce sai ta bar sawu bisa ƙanƙara, kamar rubutu a kan allo. A wani kwari da ake kira Lamar, inda hanya ke buɗe duk shekara, mutane sukan tsaya da sassafe da madubin hangen nesa, su hango kyarketai suna tafe a jere bisa farin fili. Gani ya kori ji. Wanda ya taɓa ganin haka da idonsa, da wuya ya yarda a hallaka su.

An kuwa taɓa hallaka su. A da ɓakanen Amurka miliyoyi ne, amma aka yi ta harbinsu, har a shekarar 1902 waɗanda suka rage suna yawo a Yeloston ba su kai 30 ba. Kyarketai kuma an gama da su a gandun a shekarar 1926, sai a 1995 aka kawo 14 daga Kanada aka sake su. Yau ɓakanen gandun sun kai dubbai, domin an sami mutanen da suka san darajarsu suka tsaya musu.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da rani. A gandun Yankari na Jihar Bauchi, da rani ne dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji saboda ƙishirwa, lokacin ne kuma masu kallo suka fi ganinsu. Ran da malaminku ya kai ku can, ku rage murya, ku bi umarnin mai yi muku jagora, kada ku tare wa dabba hanyar ruwa. Baƙon kirki ba ya tashin mai gida daga kan akushinsa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka keɓe dajin Yeloston?
2. Me ya sa aka ce kitsen ɓauna shi ne rumbunta?
3. Yadi nawa ya kamata mutum ya ba kyarkeci?
4. Wace alama ce ke nuna ka matsa wa dabba da yawa?