Filin Mata: Ki Kifa Robar Ki Dubi Gindinta

Zancenmu na wannan mako naku ne, ku masu sana'ar zoɓo da kunun aya da man gyaɗa da cincin, a kan robar da kuke zuba kayan sayarwa.

Abin da ya jawo zancen, wata maƙwabciyata ce aka ba ta aikin kunun gyaɗa gora 50 na suna. Gari ya waye mata, sai ta ɗura kunun da zafinsa cikin irin gorunan ruwan sha. Kafin ta gama, goruna sun motse, wuyan waɗansu ya karkace har murfi ya ƙi zama. Kunu ya bi tabarma. Ga hasarar gyaɗa da sukari, ga kunyar masu suna. Da na je jaje ta ce mini ita ta ɗauka roba duk roba ce. To, ba haka ba ne.

Uwargida, ki ɗauki robar da ke kusa da ke, ki kifa ta. Galibi za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku, da lamba a cikinta, daga 1 zuwa 7. A Amurka aka fito da wannan tsari cikin 1988. Lambar tana gaya miki irin robar ne, kuma kowace da abin da take iya ɗauka.

Gorar maƙwabciyata lamba 1 ce, wadda ake kira PET, watau ta ruwan sha da lemo. Garau take, tana nuna jan zoɓo, ba ta barin iska ta ratsa da sauƙi. Aibinta zafi. Tun wajen digiri 70 take fara laushi, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa. Saboda haka ki bar abin sha ya huce sarai kafin ki ɗura. Man gyaɗa ma yana zama a cikinta lafiya lau, amma kada ki jera shi a rana don masu wucewa su gani. Haske yana ɓata mai, ya juyar da ƙanshinsa, mai saye kuwa ba zai ce rana ce ba, ke zai zarga.

In kayanki mai zafi ne, kamar koko ko farfesu ko shinkafar da za a kai ofis, ki nemi lamba 5, PP. Ita ce mazubin abinci mai murfi da ake sayarwa dozin-dozin a kasuwa. Ba ta narkewa sai wajen digiri 160, don haka tafasasshen ruwa ba ya motsar da ita. Ta fi leda tsada, gaskiya ne, amma ki sa kuɗinta cikin lissafi tun farko. Akwai kuma ledarta, mai sheƙi, mai ƙara in an murza. Ta fi tare danshi, ita ta dace da cincin da ƙuli-ƙuli, musamman da damina.

Leda mai laushi irin ta ruwan leda lamba 4 ce. Ta yi daidai da ƙanƙara da abin da za a sayar yau a sha yau. Iska tana ratsa ta a hankali, shi ya sa yajin da ya daɗe a cikinta yake sane ƙanshi. Ni dai ba na son dafa alala a leda, ga ganye ga gwangwani. Baƙar leda kuwa sau da yawa daga tsofaffin robobi ake sake narka ta, ba ki san abin da suka taɓa ɗauka ba. Kada abinci ya taɓa ta kai tsaye, balle mai zafi da maiƙo.

Lamba 3 ta bututun ruwa ce, ki bar wa masu gini. Lamba 6 ita ce farar kwalin nan mara nauyi ta abincin tafi-da-gidanka, wadda gwamnatin Jihar Legas ta hana cikin Janairun 2024 don tana toshe magudanan ruwa.

Saura jarka, lamba 2, HDPE. Tana da ƙarfi, tana rage haske, ta yi kyau da mai da madara. Amma a nan ne haɗarin ya fi yawa, domin jarka tsohuwa ake yawan saye. Wannan roba tana shan abin da aka zuba mata. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona ko fetur, ko kin wanke ta sau goma da omo, saura yana nan cikin jikinta, kuma zai koma cikin man da 'ya'yan mutane za su ci. In ba ki san tarihin jarka ba, ki bar ta a wurin mai ita, ko da kyauta ya ba ki.

Haka kuma gorunan da yara suke tsintowa a bola su sayar muku. Wuyansu ƙanƙane ne, soso ba ya shiga, kunun aya kuwa ba ya jure datti ko kaɗan, kafin azahar ya yi tsami. Sababbin goruna da murfinsu a liƙe suna nan a shagunan masu roba. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu guda, ku raba.