Inshorar Kyanwa da Haƙƙin Dabbobin Gida a Ƙasar Zurmi

Daga cikin al'amuran Turawa waɗanda labarinsu kan iso mana ta bakin matafiya da 'yan boko, har mai sauraro ya rasa ko dariya zai yi ko salati, akwai batun nan na mutum ya riƙa zuba wa kamfani kuɗi wata-wata domin ranar da kyanwarsa ta kwanta ciwo kamfanin ya ɗauke masa nauyin magani; kuma ba na shakkar cewa in aka karanta wannan a wata majalisa a Zurmi, ko a ƙarƙashin wata rumfa ta kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, mafi yawan jama'a za su ce ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa. Ni kuwa ra'ayina, bayan na juya mas'alar gwargwadon hali, shi ne cewa niyyar da ke ƙarƙashin abin ba abar izgili ba ce, domin shari'armu ta riga su tabbatar wa dabba haƙƙi a wuyan mai ita. Abin da ya cancanci tsayawa a kansa shi ne ko wannan takarda da suke saye tana da wani amfani a ƙasa irin tamu, in kuwa ba ta da shi, me ya kamata ya tsaya a madadinta.

Ya kamata a san cewa su kansu masu abin ba da kyanwa suka fara ba. A ƙasar Suwidin ne, cikin shekarar 1890, wani mutum mai suna Claes Virgin ya soma rubuta irin wannan yarjejeniya, kuma dawaki da dabbobin noma ya nufa da ita, wato dukiyar da in ta faɗi gida ya faɗi. Sai a 1924 aka shigar da kare a can, Ingila ta biyo baya a 1947, Amurka kuwa ba ta shiga ba sai 1982. Ma'ana, sai da likitocin dabbobi suka wadatu a garuruwansu, kotuna suka iya tilasta wa kamfani cika alkawari, aka kuma gama da saniya da doki, sa'an nan aka waiwayi kyanwa. Wanda ya ɗauko ƙarshen al'amari ya bar farkonsa, to, sunan abin kawai ya ɗauko.

Amma kafin mu kai ga kamfani, bari mu tsaya kan ita kyanwar, domin a nan ne na ga muna da gafala. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, wato Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, alkunyarsa daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ta samo asali. Ya kuma san abin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda almajiran ƙasar nan suka gada kaka da kakanni, akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, wanda daga gare shi fuƙaha'u suka kafa hujjar tsarkin sauran ruwanta. Tare da wannan duka, a gidajenmu ana ɗaukar kyanwa tamkar baƙuwar da ta gayyaci kanta: in ta kama ɓera an gode, in ta saci kifi a jefe ta da muciya, in ta rame ta fara zubar da gashi yara su kore ta bayan gari, wasu ma har su jingina mata maita in baƙa ce. Alhali kuwa ma'aikaciya ce a gidan manomi, ita ce mai gadin rumbun gero da dawa da buhunan wake dare da rana ba lada, kuma ɓeran da take kora ba hatsi kaɗai yake ɓarna ba, wani jinsinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wanda kuma har yau yake kashe mutane a Nijeriya kowane rani. Saboda haka wanda ya damu da lafiyar kyanwarsa bai yi bidi'a ba, bai kuma yi almubazzaranci ba.

To, mene ne a cikin takardar da Bature yake saye? Wanda ya karanta sharuɗɗan irin waɗannan kamfanoni zai tarar, a bisa galibi, ba sa biyan kuɗin cutar da dabba ta riga ta kamu da ita kafin a ƙulla yarjejeniya. Suna sanya wa'adin jira na wasu kwanaki ko makonni wanda in ciwo ya zo a cikinsa babu ruwansu. Suna ɗora wa mai dabba wani kaso na farko na kowane magani. Da yawansu sai ka biya likita daga aljihunka, ka aika da rasit, sa'an nan su mayar maka. Kuɗin wata yana hawa gwargwadon tsufan dabbar, wato daidai lokacin da ta fi bukatar magani. Kuma allurar rigakafi, wadda ita ce mafi amfani a gare mu, sau da yawa ba ta cikin lissafi sai da ƙarin kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana tsaye ne a kan samuwar likita mai rajista wanda zai duba dabba, ya rubuta shaida, ya buga hatimi. In babu shi, takardar ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi.

Sa'an nan ga mas'alar halacci, wadda Musulmi ba zai tsallake ta ba. Tun a ƙarni na goma sha tara Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya yi magana kan kuɗin lamunin da fatake ke biya a kan kayan jiragen ruwa, bai kuwa ga halaccin karɓar diyyarsa ba a ƙasar Musulunci. Kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai yawa wanda yake ɓata ciniki, domin mai biya bai san ko zai karɓa ba, bai kuma san nawa zai karɓa ba, amma ta halatta wadda aka gina bisa taimakekeniya da tabarru'i, inda jama'a ke tara asusu da niyyar kyauta ga duk wanda musiba ta faɗa wa a cikinsu. Asalin wannan kuwa sananne ne a Sunna, cikin yabon da aka yi wa Ash'ariyawa saboda al'adarsu ta tara guzurinsu wuri ɗaya su raba daidai in abinci ya yi ƙaranci. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanonin Noor da Jaiz suka sami lasisi a 2016. Ƙofar halal dai a buɗe take, sai dai ofisoshinta suna manyan birane.

Yanzu mu komo gida. Mutumin Zurmi, ko na Dauran, ko na Gurbin Ɓore can bakin iyaka da Nijar, in dabbarsa ta kwana ba ta ci ba, abin da ke gabansa shi ne mai sayar da magani a kasuwa, wanda kwalabensa suka wuni cikin rana, ko kuwa wani maƙwabci da ya taɓa ganin yadda ake allura. Manyan asibitocin koyarwa na dabbobi a wannan yanki suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma hanyar Ƙaura Namoda zuwa Gusau, a shekarun nan, ko don ɗan Adam mara lafiya sai an yi shawara kafin a hau ta, balle don kyanwa. Akwai hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, wadda shirinta ya soma a 1987, doka ta ƙarfafa ta a 1993, gwamnati kuma takan ɗauke har rabin kuɗin da manomi zai biya a kan wasu amfanin gona da dabbobi. Sai dai mafi yawan waɗanda suka san ta sun san ta ne ta hanyar bashin banki, mai awaki biyar da jaki ɗaya kuwa ba ya cin bashin banki. Bugu da ƙari, babbar musibar dabba a arewacin Zamfara cikin shekarun nan ba cuta ba ce, ɓarayin daji ne, har ta kai a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya. Duk wakilin kamfanin da ya zo da takarda, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko sata da tarzoma suna ciki, a kuma nemi ya nuna wurin da aka rubuta, domin a al'adar kamfanoni irin waɗannan ne ake fara cirewa. Ban manta ba kuma cewa dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, alhali mace mai naƙuda a ƙauye har yau da kuɗin hannu ake karɓarta. Mai hankali ba zai gabatar da kyanwa a kan wannan ba, ni ma ban ce a gabatar ba.

Abin da nake kira gare shi ya fi inshorar kamfani ƙanƙanta, ya kuma fi ta kusa da hannu. Mutanen ƙasar nan ba baƙin taimakekeniya ba ne: mata suna da adashi, manoma suna da gayya, Fulani kuma, waɗanda Alibawansu ne suka riƙe sarautar Zurmi da Ƙaura tun zamanin jihadi, suna da al'adar ba wanda ya rasa garke aron saniya ya riƙe har ta haifa masa. Abin da ya rage shi ne a ba wannan ɗabi'a littafi da ma'aji. A kowace unguwa ko gunduma a kafa asusun lafiyar dabbobin gida, a ƙarƙashin idon mai unguwa da limami da wakiliyar mata, tun da awaki da tumaki da kaji galibi dukiyar mata ce. A riƙa zubi sau ɗaya a shekara, da kaka, ko da kuɗi ko da tiyar hatsi, bisa niyyar tabarru'i bayyananniya. A kuma rubuta tun farko cewa asusun na rigakafi da magani ne, ba na biyan diyyar sata ba, domin dare ɗaya na ɓarayi ya isa ya cinye zubin shekara goma ya bar husuma a tsakanin maƙwabta. Da irin wannan asusu ake iya ɗauko ma'aikacin dabbobi ya zo ranar da aka sa, ya yi wa awaki da tumaki allurar annobar da ke share su, ya yi wa shanu ta ciwon huhu, ya ɗiga wa kaji tasu, a wannan zuwan kuma ya yi wa kare da kyanwar gidan allurar cutar hauka, wadda kuɗinta a cikin jimla ba zai taka kara ya karya ba. Magungunan rigakafin nan ba daga wata uwa duniya za a nemo su ba, cibiyar Vom ta ƙasar Filato tana aikin tun 1924. Kuma dattawan da suka ga yadda cutar bushiya ta karkashe shanu a 1983 sun rayu har aka shelanta a 2011 cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, da allura aka yi wannan, ba da diyya ba.

Wanda yake ganin kamfani ba zai taɓa iya isa ga makiyayi ba, sai ya dubi arewacin Kenya, inda aka soma a Marsabit cikin 2010 wani tsari da ake auna ƙarancin ciyawa da tauraron ɗan Adam a biya makiyaya ba tare da an zo ƙirga gawar dabba ba, daga baya aka yi irinsa bisa ƙa'idar takaful ga Musulmin Wajir, har aka biya su a 2014. Wannan maganin fari ne, ba maganin cuta ko sata ba, amma ya nuna cewa in aka auna tsari da halin mutane yana iya zama. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 tana da abin koyo a nan.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke wuyan mai kyanwa shi kaɗai, wanda ba ya jiran kowa. Cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibinsu ta hanyar cizon kare, tana kama kyanwa ita ma, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka a nemi yi wa 'yar kyanwa allura tun tana wajen wata uku, in kuma dabbar da ake tuhuma ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti goma sha biyar, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka. Kada a ba kyanwa farasitamol ko da gutsure ne, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, tausayin da aka yi nufi sai ya zama ajalinta. Kada a fesa mata maganin ƙwari na gona ko na ɗaki don kashe ƙuma. Wanda kuma ya zuba shinkafar ɓera a ɗakin ajiya ya sani cewa kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci gubar tana iya bin sa. Ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma kuwa, in asusun unguwa ya tsaya da ƙafarsa, abin farko da ya kamata a saya masa shi ne akwatin sanyi da firji mai aiki da hasken rana, domin allurar da ta sha zafin hanya daga Gusau zuwa Zurmi cikin watan Afrilu tana iya isowa ƙarfinta ya riga ya tafi, a yi wa dabba ita a rubuta a littafi cewa an yi.