Waƙoƙin Ɗanƙwairo a Memori: Wace Shekara, Wace Fada?

Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara, ko ya tsaya a tashar motar Bakura, zai iya miƙa wayarsa ga masu tura waƙoƙi, cikin 'yan mintoci a cika masa memori da waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Abin da iyayenmu suka yi shekaru suna tarawa, kaset bayan kaset, yau yaro ke yawo da shi a aljihu. Alheri ne, babu musu. Amma mai karatu ya buɗe jerin ya duba: sunan waƙa kaɗai zai gani, wani lokaci ma lamba. Babu shekarar da aka ɗauke ta, babu wurin da aka yi ta, babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin 'yan amshi.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda waƙar tana nan? Abin damuwar shi ne waƙar fada ba ta zama wuri ɗaya. Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa yayansa Abdu Kurna amshi, sannan ya ja nasa rukunin har rasuwarsa a 1991. A tsawon waɗannan shekaru gindin waƙa ne kawai ke tsayawa. Ɗiyanta kullum sauyawa suke. Wanda ya ba da doki bana ya shiga, wanda aka tuɓe daga sarauta ya fita, zambon da aka yi wa wani a sassauta shi idan an shirya. Saboda haka waƙar 'Yandoton Tsafe da aka rera a ƙofar fada ranar salla daban take da wadda aka ɗauka a ɗakin gidan rediyo, ko da sunansu ɗaya. Mai tarin waƙoƙin da ya ga suna ya maimaitu ya goge ɗaya don memori ya sami wuri, shafin tarihi ya yage bai sani ba.

Masu tara kiɗan Turai sun daɗe da gane wannan. A Jamus an yi wani jagoran makaɗa, Wilhelm Furtwängler, wanda ya mutu a 1954. Shi ma, kamar jagoran kotso, aikinsa ya riƙe taron makaɗa, ya ja su, ya sake su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Sobiyet suka kwashe zaren maganaɗisun da gidan rediyon Balin ya ɗauki kiɗansa a kai, suka tafi da shi Masko, ba a dawo da na asalin ba sai 1991. A 2019 ƙungiyar makaɗan da ya jagoranta ta fitar da waɗannan kiɗe-kiɗe na 1939 zuwa 1945 a faya-fayai 22, kowane kiɗi da ranarsa. Masoyansa kan ajiye kiɗi ɗaya kashi biyar ko shida, suna gardamar wace shekara ya fi kyau. Mu da namu jagoran ke ƙaga sababbin kalmomi a tsaye, a gaban sarki, mu ne muka fi su bukatar wannan ƙwaƙƙwafi.

Sai kuma lahanin na'ura. Kaset mai minti 60 rabin awa yake ɗauka a kowane gefe. In zare ya ƙare waƙa na tsaka, nan ta yanke, kuma haka guntuwar za ta yi ta yawo har a ɗauka iyakarta ke nan. Rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin ɗauka, in an saurara da sabon batir sai kiɗan ya yi gudu, murya ta ƙara siranta. Kwafi daga kwafi kuwa, kowane na ƙara shuu, har amon kotso ya dusashe. Galibin abin da ke cikin wayoyinmu jikan jikan irin waɗannan kaset ne. Daga nan ne ma ake samun waƙar Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Maccido, ɗauke da sunan Ɗanƙwairo, don kawai duk su biyun 'yan ƙasar Maradun ne masu kiɗan kotso. Ban ma zo kan masu rubuta matanin waƙa da kunnen Kano ba, waɗanda ke "gyara" Zamfarcin makaɗi har ma'ana ta ɓace.

Duk da haka waƙar kanta na iya faɗin shekarunta ga mai sauraro da natsuwa. Wadda ke yi wa Sardauna Ahmadu Bello magana yana raye ba ta wuce Janairun 1966 ba. Wadda ta kira Ado Bayero Sarkin Kano ba ta riga 1963 ba. Ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba ta riga 1966 ba. Sarautun da aka ambata da muryoyin 'yan amshi duk shaidu ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi namijin ƙoƙari wajen rubuta tarihin makaɗan da matanin waƙoƙinsu. Abin da ya rage shi ne rajistar sautin: kowace ɗauka da lambarta, tsawonta, wanda ya ɗauka, da hannun da ta biyo.

Wannan ba ya bukatar miliyoyi. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya mayar da shi kundin kammala digiri, maimakon sake nazarin salo a waƙar da aka riga aka nazarta sau goma. A nemi tsofaffin kaset a gidajen sarauta na Maradun da Bakura da Mafara, da ɗakunan ajiyar Rediyon Kaduna da Rima. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane kafin a juye sautin. Kada a bari kowa ya "wanke" shi da kwamfuta sai an adana na asalin. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset. Dattawan da suka yi amshi a bayan Ɗanƙwairo, ko suka tsaya a taron da ya yi waƙar, 'yan kaɗan ne suka rage. A je da rikoda a kunna musu, a tambaye su muryar wa ke karɓa, kuma a fadar wa aka yi.