Ƙofar da ke kumbura da damina ta isa furojet

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo mu Kudu. Rubutun yau da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe, barin ma 'yan aji uku da aji huɗu da ke ta fafutukar neman maudu'in furojet.

Tunda ruwa ya kankama ƙofar wadrof ɗinmu a hostal ta ƙi rufuwa, sai an sa kafaɗa. Abokin ɗakina ya ce a kira kafinta ya fere ta, na ce malam bari. Ai mu a gida mun saba: ƙofar katako ta kumbura da damina, hunturu na shigowa ta saki har kana hango tsakar gida ta kafarta. Mu dai mun ɗauki abin a matsayin takaici. To wasu can sun mayar da shi fasaha, har suna gini da shi.

Ga yadda abin yake. Katako da takarda da ɓawon 'ya'yan itace duk suna ɗauke da wasu zaruruwa da ake kira selulos. In iska ta yi laima sai su sha danshi su kumbura, in ta bushe su tsuke. Kuma ba ko'ina suke kumbura daidai ba: katako kusan ba ya ƙara tsawo ta inda zarensa ya miƙe, ta faɗi yake buɗewa. Don haka in ka manna falle biyu, ɗaya mai kumbura sosai ɗaya mai taurin kai, dole su lanƙwashe in laima ta canza. Ba batir, ba waya, ba jiran a kawo wuta.

Kowa zai iya gwadawa yau a ɗaki. Ka yanko siririyar takarda, ka manna mata salatif a gefe ɗaya, ka riƙe ta kan tururin ruwan shayi. Za ka ga ta nannaɗe ta ɓangaren salatif ɗin, in ta bushe ta koma. Shi ke nan, ka fahimci tushen ilimin.

Tsirrai sun riga mu sanin wannan. Ƙwallon itacen fayin, irin wanda ake gani a Jos, yana buɗe ɓawonsa in gari ya bushe don iri ya fita, ya rufe in an yi ruwa, alhali ɓawon ma matacce ne. A 1997 masu bincike a Ingila suka bayyana a mujallar Nature cewa ruɓi biyu ne a cikin ɓawon. Kuma duk wanda ya taso a gidan noma ya san yadda kwanson wake ke murɗewa ya fashe in ya sha rana, da yadda riɗi ke buɗe baki ya zube in an yi jinkirin yanka.

Wanda ya fi shahara wajen kai wannan dabara cikin gini shi ne Farfesa Achim Menges na Jami'ar Stuttgart a Jamus. A 2013 ƙungiyarsa ta kafa wata rumfa mai suna HygroSkin a birnin Orléans na Faransa, mai ƙananan kafofi sama da 1,000 na siririn katako da ke buɗewa da rufewa gwargwadon laimar iska. A 2019 suka gina hasumiya mai tsawon mita 14 a garin Urbach, da katakon da ya lanƙwashe da kansa wajen bushewa, ba tare da injin ya matse shi ba. Daga baya suka haɗa kai da Jami'ar Freiburg suka yi wa tagogin wani gini labule mai falle 424 da aka buga da firintar 3D daga selulos, yana daidaita shigar hasken rana da kansa. A Amurka kuma, a 2023, ƙungiyar Lining Yao ta Jami'ar Carnegie Mellon ta kwaikwayi irin wata ciyawa mai suna Erodium, ta ƙera murɗaɗɗen katako da ke warwarewa in ruwa ya taɓa shi, ya huda ƙasa ya binne iri.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne. Abin da ke motsa waɗannan kayan shi ne hawa da saukar laima, kuma Allah Ya hore mana wannan. A Kano da Katsina da Sakkwato laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta haura kusan kashi 80 a watan Agusta. A nan bakin teku kuwa mafi yawan shekara a jiƙe iska take. Mu da ke zirga-zirga tsakanin yankunan biyu duk hutu, filin gwaji biyu muke da shi a kyauta. Ka tafi gida da samfurinka a jaka, ka auna shi can, ka dawo ka auna shi nan.

Amma me muke yi? Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawanmu sai lokaci ya ƙure mu ruga a haɗa mana wata na'urar kunna fanka da kanta, irin wadda aka yi sau ɗari kafin mu, ko mu kwafo tsohon furojet mu canza sunan gari. A kare shi, a ɗau hoto, a jefa shi sito ƙura ta cinye. Kuɗin iyaye ya tafi, ba a ƙaru da komai ba.

Alhali ga tambayoyi zube ba a taɓa su ba. Manomi na asarar masara da gyaɗa saboda danshi da ke jawo fumfuna, har da gubar aflatoksin mai lahanta hanta. Me zai hana a gwada murfin kafar iska na rumbu wanda zai rufe kansa in laima ta hau, ya buɗe in ta sauka? Wane katako namu ne ya fi saurin amsawa, maɗaci ko darbejiya ko melaina? Kaba fa, da karan dawa da ake ƙonawa bayan girbi? Ɗan injiniya yana da aiki a nan, haka ɗan sashen gine-gine, da na noma, da na gandun daji, da na kimiyyar sinadarai. Kayan farawa kuwa ba su wuce fallen katako, gam, rula, ƙaramin ma'aunin laima da kyamarar wayarka ba.

Na san wani zai ce abin Turawa ne mai cin kuɗi. Firintar 3D da manyan ɗakunan gwaji kam sai su, amma matakin farko ba ya buƙatarsu. Akwai dai matsaloli na haƙiƙa da bai kamata a ɓoye ba. Kayan ba su da sauri, sukan ɗauki mintuna ko sa'o'i kafin su motsa. Gara na nan tana jira. Gam kan saki in an daɗe ana jiƙewa ana bushewa. Sannan tagar da ke buɗewa in gari ya bushe, a Arewa ƙurar hunturu za ta kwaso maka, don haka tsarin Jamus ba zai zauna mana yadda yake ba. To ai waɗannan matsalolin su ne binciken. Ko sakamakonka ya nuna katako kaza bai dace ba, ka gano abin da wani zai ɗora a kai.

Mu tuna da Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa. Tukwanen ƙasa biyu da jiƙaƙƙen yashi ya haɗa don adana kayan miya, ya dogara da bushewar iskarmu, kuma ya ci kyautar Rolex a 2000. Bai jira an kawo masa injin daga waje ba.

Shawarata ita ce, kafin ka biya wani ya haɗa maka furojet, ka yi gwajin takarda da salatif ɗin nan, ka rubuta shafi ɗaya, ka kai wa malamin da ke duba aikinka. In ya ƙi, ba ka yi asarar komai ba. In ya karɓa, ka samu aikin da za ka tsaya gaban kowa ka kare da bakinka, don kai ka yi shi.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya mayar da mu gida da abin da zai amfani mutanenmu.