An soke harajin MoMo a Ghana, saura lissafi

Ranar 2 ga Afrilun 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya sa hannu a kan dokar da ta soke E-levy, harajin da gwamnatin Ghana ta yi kusan shekara uku tana yanka daga kuɗin da mutane ke tura wa juna ta waya, wato MoMo. Tare da shi aka soke harajin kashi 10 cikin ɗari na abin da aka ci a cacar wasanni, da harajin hayaƙin mota. Jama'a sun yi murna, ni ma na yi. A zangonninmu, daga Nima da Mamobi a Accra har Aboabo da Sabon Zango a Kumasi, samari sun riƙa tura wa juna sidi ɗari biyu, ɗari uku, don kawai su karanta saƙon da zai shigo su tabbatar da idonsu cewa ban da ladan kamfanin waya ba a taɓa ko kwabo ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne godiyar da ta biyo baya. A majalisar shayi, a gidan suna, a bakin masallaci bayan la'asar, sai ka ji ana cewa Allah ya saka wa shugaba da alheri, ya tausaya wa talaka. Addu'a ga shugaba abu ne mai kyau, kuma Mahama ya cika alkawarin da ya ɗauka lokacin yaƙin neman zaɓe, wanda ba kowane ɗan siyasa ke yi ba. Sai dai wanda ya ɗauki sokewar nan a matsayin kyauta ya manta wahalar da shi kansa ya sha kafin a kai ga haka. Mutanen Ghana ne suka kayar da harajin nan da hannunsu, kuma sun fara kayar da shi tun kafin a je rumfar zaɓe.

A Nuwamban 2021 ne ministan kuɗi na wancan lokaci, Ken Ofori-Atta, ya kawo maganar a cikin kasafin kuɗin 2022: kashi 1.75 cikin ɗari a kan duk abin da ya haura sidi 100 da mutum ya tura a rana. Gwamnati ta ce za ta tara sidi biliyan 6.9 a shekara. Don a sanyaya wa mutane zuciya, a kasafin nan aka daina karɓar kuɗin shingen hanya, abin da ya raba masu karɓar kuɗin da aikinsu dare ɗaya, da yawansu masu buƙata ta musamman, ya kuma kashe kasuwar masu tallan burodi da ruwan leda da ke cin abinci a bakin shingayen. Majalisar dokoki a lokacin ta rabu biyu daidai, NPP mai mulki 137, NDC ta adawa 137, da ɗan majalisa ɗaya mai zaman kansa. A daren 20 ga Disamba muhawara ta koma dambe, duniya tana kallo. Sai a ƙarshen Maris na 2022 aka zartar da dokar a kashi 1.5, bayan 'yan adawa sun fice daga zauren. Ta fara aiki ranar 1 ga Mayu, wato ranar ma'aikata.

Hujjar gwamnatin Nana Akufo-Addo guda biyu ce, kuma ministoci sun zaga da ita garuruwa kamar Koforidua da Tamale da Wa suna taron bayani. Ta farko, idan aka amince da harajin, Ghana ba za ta koma roƙon Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ba. Ta biyu, masu ƙananan sana'o'i ba sa biyan haraji, ma'aikatan albashi kaɗai ke ɗauke da ƙasa, don haka ga hanyar da kowa zai sa hannu.

Hujja ta farko ba ta yi wata uku ba. Ranar 1 ga Yulin 2022 shugaban ƙasa ya umarci ministansa ya fara magana da IMF.

Ta biyun ce ta fi ci mini rai, domin na san masu ƙananan sana'o'in nan da ake magana a kansu. Gwaggona koko da ƙosai take sayarwa a Kumasi tun ina yaro. Kafin rana ta ɗaga, ɗan tikitin hukumar birni ya zo ya yagi takarda ya karɓi nasa. Man gyaɗan da take suya da shi, da sukari, da ledar ƙulla koko, da katin wayarta, duk akwai harajin gwamnati a cikin farashinsu. Motar da ta ɗauko mata gero da wake daga arewa ta sha mai, man kuma da haraji iri-iri a kan kowace lita. Ba ta da takardar albashi da za a ga an cire, shi ya sa a ofis ake ganin kamar ba ta biyan komai. Da harajin ya fara aiki, idan za ta tura wa mai kawo mata gero sidi 500 sai a cire sidi 6, ban da ladan kamfani. Idan shi kuma ya tura wa manomi, a sake cirewa. Idan manomin ya tura wa ɗansa da ke makaranta, a sake cirewa. Kuɗi ɗaya ne, ba riba ba ne, ba albashi ba ne, yana tafiya ne kawai daga hannu zuwa hannu, a kowane zango ana gutsurarsa. Wata rana ta ce da ni, “Ɗana, ashe zumunci ma yanzu sai an biya masa kuɗin fito?” Ban sami abin ce mata ba.

Ga kuma 'yan matan arewa masu dako a kasuwar Kejetia da Makola, waɗanda ke tara abin da suka samu da wuyansu su aika gida Tamale ko Walewale. MoMo ce bankinsu, ita ce asusunsu, ita ta raba su da ƙulla kuɗi a bakin zane ko ba direba saƙo. Shekaru aka yi ana lallashin irin waɗannan mutane su yarda da kuɗin waya. Da suka yarda, sai aka zo aka kafa shinge a kan hanyar.

Mutane ba su ƙona taya ba a kan wannan. Sun yi abin da ya fi taya ciwo. Kafin 1 ga Mayu da yawa sun kwashe abin da ke cikin wayoyinsu. Bayan haka kuma kowa ya gano cewa harajin bai shafi zuba kuɗi ko cirewa a wurin wakili ba. Sai mutum ya taka zuwa rumfar mai MoMo, ƙarƙashin lemar nan mai ruwan ɗorawa, ya miƙa tsabar kuɗi da lambar wanda zai aika wa, a zuba kai tsaye. Wasu suka riƙa tsinka kuɗin, ɗari yau, ɗari gobe. 'Yan kasuwa suka koma cewa a kawo kuɗi a hannu. Babu wanda ya kira taro, babu wanda ya raba takarda, amma da aka zo bitar kasafi a tsakiyar shekara, gwamnati da kanta ta sauke abin da take sa ran samu zuwa sidi miliyan 611. Daga biliyan 6.9. A Janairun 2023 aka rage harajin zuwa kashi 1. Gaskiya ne daga baya ya fara kawo kuɗi, har ya haura biliyan ɗaya a 2023, domin mutum ba zai yi ta zarya zuwa rumfa kullum ba. Amma a siyasance ya riga ya mutu. Dalili ke nan da Mahamudu Bawumia, mataimakin shugaban gwamnatin da ta kawo shi, ya fito a Fabrairun 2024 ya ce idan aka zaɓe shi zai soke shi. Manyan 'yan takara biyu duk sun shiga zaɓen 7 ga Disamba da alkawari ɗaya. Ko wa ya ci, harajin zai tafi. Mahama ya ci da sama da kashi 56 cikin ɗari, majalisa ta amince da sokewar a ƙarshen Maris, shi kuma ya sa hannu.

Akwai masu cewa, kuma ba mahaukata ba ne, ai kashi 1 cikin ɗari ba wani abu ba ne, ƙasar da ta kasa biyan basussukanta a Disamban 2022 ba ta da halin zubar da kuɗin shiga don faranta wa masu zaɓe. Na yarda Ghana na buƙatar kuɗi. Na yarda asibiti da makaranta da kwalta ba sa faɗowa daga sama. Amma su tuna abin da mai biyan harajin yake gani a daidai lokacin da ake karɓa. A Fabrairun 2022, ana tsakiyar rigimar, hotuna suka bazu na bikin zagayowar ranar haihuwar shugaban masu rinjaye a majalisa, Osei Kyei-Mensah-Bonsu, da kek da aka yi shi da siffar kalmar E-levy. A shekarar ne ministan kuɗi ya tabbatar wa kwamitin majalisa cewa an fitar da sidi miliyan 339 na gwamnati don ginin babbar majami'ar ƙasa a Accra, aikin da bai wuce ramin harsashi ba. Kuma Kiristoci da yawa, har da malaman coci, sun ɗaga murya a kan haka. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. A farkon 2023 tsofaffin ma'aikata, cikinsu har da tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo, suka zauna a ƙofar ma'aikatar kuɗi da kwalaye a hannu don kada a taɓa ajiyar da suka ba gwamnati bashi. A irin wannan yanayi ko sidi ɗaya ka nema daga hannun mutum, zai tambaye ka ina wanda ya bayar jiya.

Wannan tambayar kuwa har yanzu ba a amsa ta ba. An ce kuɗin E-levy zai gina hanyoyi, ya samar wa matasa jari, ya rage bashi. An karɓa shekara uku. An soke. Wace hanya ce aka gina da shi? Ban ji wani a cikin masu murna ya tsaya a kan wannan ba, kuma a nan nake ganin mun yi sakaci. Da zarar an daina cirewa, sai muka yafe abin da aka riga aka cire.

Wanda ya san tarihin ƙasar ba zai saki jiki ba. A 1995 gwamnatin Jerry Rawlings ta kawo harajin VAT a kashi 17.5. Ranar 11 ga Mayu mutane suka cika titunan Accra a zanga-zangar Kume Preko, aka rasa rayuka, gwamnati ta janye harajin. Cikin jagororin zanga-zangar akwai wani lauya mai suna Nana Akufo-Addo. A 1998 VAT ya dawo a kashi 10, ya zauna, daga baya aka yi ta ɗora masa ƙari. Mutumin da ya fito titi don a janye haraji, shi ne bayan shekara 27 ya sa hannu a kan E-levy. Ba na kawo wannan don in ce duk ɗaya suke. Kujerar ce ke da yunwa, kuma duk wanda ya hau ta zai nemi inda zai samo.

Wannan karon ma ba a jima ba. Wata biyu bayan sokewar, a farkon Yunin 2025, majalisa ta zartar cikin gaggawa da ƙarin sidi ɗaya a kan kowace litar mai, don biyan bashin da ya yi wa ɓangaren wutar lantarki katutu. 'Yan NPP, waɗanda yanzu su ne 'yan adawa, suka fice daga zauren kamar yadda NDC ta yi a 2022, suka laƙaba masa suna D-levy, wato harajin dumsor, ɗauke wutar nan da kowane ɗan Ghana ya sani. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta yi barazanar yajin aiki, aka ɗage, sannan ya fara aiki a tsakiyar Yuli. A tashar trotro, wato motocin haya, abin da ake faɗa shi ne tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Adalci ya sa in faɗi cewa akwai bambanci. Darajar sidi ta tashi sosai a wancan lokacin, farashin mai ya sauka, har an rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari a watan Mayu, don haka ƙarin bai yi zafi nan take ba. Bashin wutar ma gaskiya ne, kowa yana ganin alamarsa a ɗakinsa. Amma E-levy kana iya kauce masa da ƙafarka, kuma duk lokacin da aka cire, saƙo yana shigowa ya gaya maka nawa ne. Shi ya sa ya fusata mutane, shi ya sa kuma suka iya yaƙarsa. Harajin mai ba ya aiko da saƙo. Yana shiga cikin kuɗin trotro, cikin buhun gero, cikin kuɗin niƙa, gwaggona ta biya ba tare da ta san ta biya ba, ko da kuwa ba ta taɓa mallakar keke ba. Ina tsoron darasin da masu mulki suka ɗauka daga shekaru ukun nan shi ne su riƙa ɓoye haraji inda ido ba ya kai wa.

'Yan uwanmu na Najeriya sun ga irin wannan. A Mayun 2024 Babban Bankin ƙasar ya ba da umarnin cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan tura kuɗi da sunan tsaron intanet, aka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka dakatar. Kafin shekarar ta ƙare, naira 50 da ake cirewa a kan dubu 10 zuwa sama ta isa ga masu amfani da manhajojin Opay da Moniepoint, ba tare da irin waccan hayaniyar ba.

Mu mazauna zango muna da wakilai a wannan gwamnati fiye da yadda muka saba. Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase, wanda yake cikin jagororin da suka yaƙi E-levy a zauren majalisa, yanzu minista ne. Haruna Iddrisu, jagoran 'yan adawa a lokacin, shi ma minista ne. Sun san hujjojin da suka kafa a 2021, domin da bakinsu suka faɗe su. Idan suka zo gaisuwar sallah ko taron maulidi, bayan an yi musu barka da zuwa, a samu dattijo ɗaya ko shugabar mata 'yan kasuwa ta miƙe ta nemi abu biyu. A buga wa jama'a jimillar abin da E-levy ya tara daga Mayun 2022 zuwa Afrilun 2025, da ayyukan da aka yi da shi, aiki bayan aiki. Sannan sidi ɗayan nan na mai, a riƙa faɗa duk wata uku nawa aka tara, wane kamfanin wuta aka biya, nawa ya rage, da ranar da za a daina karɓa.